Zaman bayani kafin tiyata: ra'ayina kan wajen da aka karanta mana takardar aikin Yaya

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Kano da suke da wani tsari wanda ni dai ban taɓa ganinsa a wani waje ba, suna ce masa zaman bayani kafin tiyata, wato idan likita ya rubuta maka aiki, ko a wajensu aka rubuta ko a wani asibitin daban, sai ka kwashi takardunka ka je ka biya kuɗin zama, wata sista da ta daɗe tana aiki a ɗakin tiyata kafin ta yi ritaya ta zaunar da kai ta karanta maka abun da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Ba ta ba da magani, ba ta canza maganar likita, bayani ne zalla. Ba zan kama sunan asibitin ba saboda maganar lafiyar yayata ce kuma akwai ƙorafi a cikin abun da zan faɗa, amma idan maki ne to na ba su huɗu cikin biyar, ɗayan da na riƙe kuma ba na sistar ba ne, na masu wajen ne, zan zo kansa.

Yaya ta daɗe tana fama da zubar jini duk wata har sai jiri ya dinga ɗibarta, aka yi sikanin aka ce ƙari ne a mahaifa, faiburoid, kuma ba guda ɗaya ba. Likitan mata ya duba ya ce sai aiki, ya yi rubutu a takarda, layin ma yana jiransa a waje har ƙofa, toh kun dai san yanda asibitin gwamnati yake da cinkoso, bawan Allah ya yi bayani iya lokacin da yake da shi amma Yaya tun da ta ji kalmar aiki kunnenta ya toshe. Muka dawo gida kowa da fassararsa. Maigidanta ya ce ƙarin kawai za a cire, Gwaggo ta ce ita ta san irin wannan, mahaifar ake cirewa gaba ɗaya, wata maƙwabciya ta ce ai yanzu da na'ura ake ƙonawa ba a yanka mutum. A takardar kuwa akwai wata doguwar kalma a sama, a ƙasanta kuma an rubuta TAH + BSO da alamar tambaya a gefe, kuma a gidan babu wanda ya san ko abu ɗaya ne ko abu biyu. Yaya tana da yara amma tana son ƙari, shiyasa maganar ta tsaya mata a rai, dare ba ta barci.

Wata ƙawata nas ce ta ce mu gwada wajen. Ana kama layi ta WhatsApp, kuɗin zaman bai kai na ganin kwansoltan ba, kuma an yarda mutum ya shiga da ɗan rakiya ɗaya ko biyu, mu ni da maigidanta muka shiga da ita.

Abun da ya fara burge ni shi ne sistar ba ta fara da takarda ba. Ta gaisa da Yaya a nutse, ta tambayi yara, sannan ta ce "Hajiya me likita ya ce za a yi miki?" Yaya ta ce aiki. Ta ce "Na ji, wane iri?" Sai shiru. Ta juya wajen maigidan ta ce "Alhaji kai fa, me ka fahimta?" ya faɗi nasa, ta gyaɗa kai ba ta ce ya yi daidai ko ya yi kuskure ba, ta jawo wani tsohon littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro kala biyu, ja da shuɗi, da wata 'yar mahaifar roba da ake ɓallewa gida gida, har fentinta ya koɗe saboda taɓawa. Ta kwafe doguwar kalmar da manyan baƙaƙe, farkonta da shuɗi, ƙarshenta da ja, ta ce kusan duk sunan aikin tiyata haka yake, kai da wutsiya, kan yana gaya maka wace gaɓa za a taɓa, wutsiyar tana gaya maka me za a yi wa gaɓar. Ta ce yawancinsu daga harshen Girka aka ɗauko su, wasu daga Latin, shiyasa ko Baturen da bai karanci likitanci ba shi ma ba ganewa yake ba, don haka kar wanda ya ji kunya wai don bai gane ba.

Ta ce wutsiya uku ce idan mutum ya riƙe ta ya gama rabin karatun, kuma su ukun ne suka fi kama da juna a ido, su ne kuma suka fi nisa da juna a jikin mutum. Idan kalma ta ƙare da ectomy to cirewa ne, za a yanke abu a fitar da shi daga jiki ba zai dawo ba. Idan ta ƙare da otomy to buɗewa ne, za a yanka a shiga a yi abun da za a yi sannan a ɗinke. Idan kuma ta ƙare da ostomy to ƙofa za a yi a bar ta a buɗe, don asalin kalmar a Girkanci baki take nufi. Ta kwatanta mana da tela, ta ce wani lokacin tela yanke hannun riga yake ya ajiye gefe, wani lokacin farke ɗinki yake ya gyara ciki ya mayar, wani lokacin kuma aljihu yake buɗewa ya bar shi a haka, duka da almakashi ɗaya amma rigar da za ta fito ba iri ɗaya ba ce. Sannan ta ɗauki gaɓa ɗaya ta jera mata wutsiyoyin don mu gani da idonmu. Ƙoda a wajensu nefro ce, toh nefrektomi cire ƙodar ne ɗungurungum, nefrostomi kuma saka 'yar roba ne ta baya cikin ƙodar don fitsari ya samu hanyar fita idan hanyarsa ta toshe, nefrolitotomi kuma an ƙara lito a tsakiya wato dutse, ma'ana za a shiga ƙodar a ɗauko tsakuwa a bar ƙodar a wajenta. Haka babban hanji, kolo suke ce masa, kolektomi yanke hanjin ne ko wani sashe nasa, kolostomi kuma fito da bakin hanjin ne ta fatar ciki bayan gida ya dinga zuba a leda. Ta ja layi ƙarƙashin harafin s da jan biro ta ce tsakanin otomy da ostomy wannan harafin ne kaɗai, amma shi ne bambancin wanda zai farka da ɗinki kawai da wanda zai farka da leda manne a cikinsa. Ta kuma ƙara da cewa ba kowace irin wannan ƙofa ce ta har abada ba, da yawa na wucin gadi ne, kaman yaran da taifod ya huda wa hanji, wani lokacin ana fito musu da bakin ƙaramin hanji har cikin ya warke sannan a sake wani aikin a mayar, amma iyayen da ba a yi wa bayani ba idan suka ga ledar sai su ɗauka shikenan an lalata musu yaro, wasu har su gudu da shi gida kafin lokaci.

Sauran wutsiyoyin ta bi ta kansu da sauri, plasty gyaran siffa ne, scopy leƙawa ne da kyamara ko madubi, rrhaphy ɗinkewa, pexy kafe abu a mazauninsa, tripsy farfasawa kaman yanda ake farfasa tsakuwar ƙoda ta fita ta fitsari, centesis kuma soka allura a zuƙo ruwa. A nan ta ba da misalin da ya sa maigidan Yaya gyara zama, ta ce yaron da ƙwan marainansa bai sauko ba ana yi masa okidopeksi, a sauko da shi a kafe a jakarsa, amma okidektomi cire ƙwan ne, kuma duka biyun farkonsu ɗaya.

Daga nan ta dawo kan takardarmu, kuma nan ne kuɗinmu ya fita. Doguwar kalmar ta sama mayomektomi ce, mayoma shi ne ƙarin da ke fitowa daga naman mahaifa, ectomy cirewa, wato a cire ƙarin a bar mahaifar. Ta ɓalle mahaifar robar ta nuna mana inda irin wannan ƙarin yake zama, wani a cikin bango, wani ya leƙo ciki inda jariri ke kwanciya wanda shi ne ya fi jawo zubar jini, wani kuma ta waje. TAH kuma gajartawa ce, H ɗin histarektomi ne wato cire mahaifa, A ɗin yana nufin ta ciki za a bi a yanka, T ɗin kuma duka, amma ta ce mu lura, dukan nan yana nufin mahaifa haɗe da bakinta ne kawai, bai haɗa da ma'ajiyar ƙwai ba, akwai ma wani nau'in da ake cire jikin mahaifar a bar bakin. Cire ma'ajiyar ƙwai da bututunta na dama da na hagu shi ne BSO ɗin da aka rubuta daban. Ta ce idan an cire mahaifa kawai al'ada ta tsaya, haihuwa ta tsaya, amma ma'ajiyar ƙwai tana ci gaba da fitar da sinadaran mace, idan kuwa aka haɗa da ita aka cire to jikin mace zai shiga yanayin manyanta nan take ko da shekarunta ba su kai ba, zafin jiki mai tasowa, gumin dare, bushewar gaba, ƙashi ma yana iya yin rauni a hankali. Wlh ni duk zamana a duniya ban san cewa cire mahaifa da cire ƙwai abu biyu ne ba, kuma na tabbata mata da yawa da aka yi wa aikin su ma ba za su iya gaya maka wanne aka yi musu ba.

Kuma ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta gaya wa Yaya ƙarara cewa ko an cire ƙarin an bar mahaifa yana iya sake fitowa bayan shekaru, cewa aiki ne mai zubar da jini shiyasa ake cewa a tanadi jini kafin a shiga, cewa idan ta samu ciki daga baya akwai yiwuwar likita ya ce sai dai siyes, wato a ciro jaririn ta tiyata, gwargwadon zurfin yankan da aka yi wa mahaifar, kuma cewa wani lokacin ana shiga da niyyar cire ƙari jini ya ƙi tsayawa dole a cire mahaifar don a ceci rai, ba kasafai ba amma yana faruwa. Ta ce mai yiwuwa wannan ne dalilin alamar tambayar, amma ita ba za ta yi wa likita fassarar zuciyarsa ba, shi ya rubuta shi za a tambaya. Yaya ta yi kuka a wajen, sistar ta miƙo mata tishu ta bar ta ta gama ba ta katse ta ba, sannan ta yago takarda daga littafin ta rubuta mata tambayoyin da za ta kai wa likita da Hausa: wanne ne ainihin shirin, a wane hali ne za a koma na biyun, ƙwan nawa lafiyarsa ƙalau ko akwai dalilin cire shi, yankan kwance ne ko na tsaye, allurar baya ce ko ta barci, leda nawa na jini za mu tanada.

Wani ɓangaren da na ji daɗinsa sosai, kuma ban zaci za a taɓo ba, shi ne namu kalmomin na gida. Ta ce matsalar ba a Turancin kaɗai take ba, mu ma muna da kalmomin da muke rufe abubuwa da yawa da su. Aiki dai kun gani, daga cire haƙori har buɗe ƙirji duk aiki ne. Ƙari ma haka, ƙullutun da ya fito a mahaifa ƙari ne, yankan da ungozomar asibiti ke yi wa mace lokacin haihuwa don kan jariri ya fito shi ma ƙari muke cewa, sai mace ta zo ta ce an taɓa yi min ƙari, nas ta rubuta wani abu daban. Juya mahaifa kuwa ta ce babu wata mahaifa da ake juyawa, abun da ake yi shi ne ɗaure ko yanke bututun da ƙwai ke bi, a takarda BTL za ka gani, kuma ana ɗaukarsa a matsayin tsayar da haihuwa na dindindin, amma saboda mun ce juyawa sai wasu su ɗauka in an huta za a je a juyo ta dawo daidai. Ga kuma ɗaure bakin mahaifa wanda shi akasin wancan ne gaba ɗaya, ɗinki ne da ake yi wa mai cikin da bakin mahaifarta ke buɗewa da wuri tana yawan ɓari, don cikin ya zauna, a kwance zaren idan haihuwa ta kusa. Ɗaya na hana ciki, ɗaya na riƙe ciki, kuma a bakin mutane duka ɗaurewa ne. Wankin ciki shi ma ba wanki ba ne da ruwa, kwashe ragowar abun da ya saura ne a mahaifa bayan ɓari, wani da sirinji mai zuƙa wanda suke rubutawa MVA, wani da ƙarfen kankara wanda suke rubutawa D&C. Ta ɓangaren maza kuma ta ce gwaiwa muke cewa ko ruwa ne ya taru a maraina ko hanji ne ya zurmo ta ƙaba, alhali aikinsu daban, haɗarinsu ma daban, don hanjin da ya zurmo yana iya shaƙewa cikin dare ya zama na gaggawa.

Na tambaye ta kalmomin da ke ƙarewa da oma, don tun da na ji mayoma gabana yake faɗuwa, ina ce duk mai wannan ƙarshen ciwon daji ne. Ta ce a'a 'yata, oma kumburi ko ƙullutu kawai yake nufi, lipoma ƙullutun kitse ne ba daji ba, mayoma ma ba daji ba, waɗanda ake tsoro su ne irin su kasinoma da sakoma da limfoma, kuma ba a yanke hukunci da suna, sai an yanki ɗan nama an kai lab an duba, wannan yankan shi ne bayopsi. Wanda ya ƙare da itis kuma kumburi ne mai zafi, kaman afendisaitis, wanda aikinsa shi ne afendisektomi, abun da muke ce wa aikin afendis.

Akwai sunayen da ta ce ba su bin wannan ƙa'idar ko kaɗan saboda sunan likitan da ya fito da aikin aka liƙa musu, nan sai dai a tambaya kawai. Aikin Hartmann na wani likitan Faransa ne da ya bayyana shi a 1921, ana yanke ƙarshen babban hanji a rufe na ƙasa a fito da na sama ta ciki, wato akwai kolostomi a cikinsa duk da sunan bai nuna ba. Aikin Whipple na wani likitan Amurka ne tun 1935, babban aiki ne a kan kan gaɓar nan da ke yin insulin. Ɗinkin bakin mahaifa ma sunan mutum ake rubutawa, McDonald ko Shirodkar, yankan kwance na ƙasan mara da ake yi wa masu siyes kuma Pfannenstiel, wani Bajamushe. Ta ce mutanen Maraɗi da Damagaram da ke zuwa mata da takardun Faransanci ba ta shan wahala da su sosai, don wutsiyoyin ɗaya ne, ƙarshen kawai ke komawa ie a madadin y.

Maganar maƙwabciyarmu ta ƙonawa da na'ura ma na kawo mata. Ta ce abun da mutane ke nufi yawanci laparoskopi ne, laparo ciki, scopy leƙawa, ana huda ƙananan ramuka a hura iskar kabon cikin ya ɗaga a saka kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo yana aiki, tun 1985 wani likita a Jamus ya cire madaciya ta wannan hanyar. Yanka ne shi ma, ƙanana ne dai, ana saurin tashi, wasu kuma suna jin ciwon kafaɗa bayan aikin saboda iskar. Laparotomi kuwa buɗe cikin ne sosai. Kuma ba kowane ƙari ne ke fita ta ƙaramin rami ba, girmansa da yawansa da kayan da asibitin ke da su ne ke yanke wannan.

Abu ɗaya da ta dage a kai har ta maimaita shi ne sa hannu a fom ɗin amincewa da aiki. Ta ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya gaya wa mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da cewa yana da damar ƙi, kuma a yi masa bayanin da harshen da yake ji daidai da iliminsa, a 2018 ma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya. Ta dubi maigidan Yaya cikin girmamawa ta ce "Alhaji shawararka tana da muhimmanci kuma a gida ku za ku zauna ku yanke, amma jikin na Hajiya ne, tunda babba ce kuma tana cikin hankalinta hannunta shi ne asali a fom ɗin." Ya ce haka ne Sista, kuma har ga Allah na ga ya ji daɗin yanda ta faɗa. Ta kuma gaya mana cewa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani jerin abubuwan dubawa guda 19 na ɗakin tiyata, kashi uku, kafin a ba mutum allurar kashe jiki, kafin a sa wuƙa, da kafin a fito da shi, kuma a kashin farko mara lafiyan ne da bakinsa zai tabbatar da sunansa da aikin da za a yi masa da gefen da za a yi. Ta ce toh wanda bai san sunan aikinsa ba me zai tabbatar, sai dai ya ce eh kawai. Shiyasa ta sa Yaya ta maimaita mayomektomi har bakinta ya kama.

Yanzu ga inda suka rasa makin nan guda. Na farko ɗakin, ba ɗaki ba ne ma, wani lungu ne aka kewaye da falankin katako wanda bai kai rufi ba, kuma bencin masu jira yana jikinsa, muna zaune a waje muna jin wani dattijo yana ba da labarin fitsarinsa da robar da aka saka masa tiryan tiryan, na san mu ma haka aka ji namu har da kukan Yaya, kuma wannan ba daidai ba ne ko kaɗan a wajen da ake maganar mahaifa da maraina. Na biyu jira, lokacin da aka ba mu ta WhatsApp bai yi aiki ba, wanda ya riga zuwa shi ke shiga, kuma tunda sistar ba ta gaggauta kowa, wanda abu ne mai kyau, layin ba ya motsi, ga shi ba kullum take zama ba kuma ita kaɗai ce, ranar da ba ta nan babu zaman. Na uku babu ko takarda ɗaya da aka buga da Hausa da mutum zai tafi da ita gida, duk wannan ilimin a littafin 'yan makaranta yake da hannunta, in da sun buga wutsiyoyin nan a shafi guda da boko da ajami ai da an wuce wajen, Gwaggo ma da ta karanta da kanta. Na huɗu, kuma shi ya fi ɓata min rai, muna fitowa wani a wajen karɓar kuɗi ya tare mu yana ta tallar a dawo da aikin wajensu, wai za a yi mana ragi, alhali matar da ke ciki ba ta ko ambaci haka ba, mutum ya fito ido jajir ba lokacin ciniki ba ne. Sannan maza masu matsalar furostet, gaɓar nan da ke kumbura ta tare wa maza fitsari, ko gwaiwa na ga wasunsu suna nauyin yin magana da mace, da an samu namiji ko da rana ɗaya ce a sati da ya taimaka.

Ita kanta sistar tana da iyakarta kuma ba ta ɓoyewa. Wata mata da ta shiga kafin mu da takardar aikin ido na ji ta ce mata wannan ba fanninta ba ne sosai, ta yi mata bayanin abun da ta sani ta tura ta wajen nas ɗin asibitin ido. Kuɗin aiki ma ba ta shiga maganarsa, kuma ba ta cewa wannan likitan ya fi wancan. Wanda yake neman a ce masa yi ko kar ka yi ba zai samu a wajenta ba, haka wanda aikinsa na gaggawa ne, afendis ya fashe ko naƙuda ta tsaya ko jini na zuba, dan Allah kar ya tsaya neman wani zaman bayani, ya yi tambayarsa a tsaye a wajen likitan da ke gabansa a wuce tiyata. Wannan zaman na aikin da aka saka wa rana ne, wanda suke rubuta wa elective, kuma shi ma ta ce ba yana nufin in ka ga dama ba, yana nufin akwai lokacin shiri.

Yaya ta koma wajen likitanta da 'yar takardar tambayoyin, kuma ya amsa su duka bai nuna gajiya ba, ya ce shirin cire ƙarin ne, cire mahaifa sai in jini ya gagara, maganar ƙwai kuma ya soke ta da biro a gabanta ya ce a hoton lafiyarsu ƙalau. Aka yi aikin, alhamdulillah mahaifarta tana nan, tana gida tana samun sauƙi.

Wanda zai je ya tafi da komai, takardar da aka rubuta aikin, sakamakon sikanin da na gwajin jini, magungunan da yake sha a cikin kwalinsu, musamman na hawan jini da suga da masu tsinka jini, da wanda zai kwana da shi a asibiti don shi ma ya ji da kunnensa. A nemi izininta a ɗauki muryarta a waya, mu ta yarda kuma shi muka kunna wa Gwaggo a gida. Kuma a je da sassafe, don in an yi azahar ba ta ƙara karɓar sabon mutum.